Baturen da Ya Iya Karanta Rairayi

Manomin Zurmi ko na Shinkafi ba ya buƙatar a koya masa bambancin jigawa da fadama. Gero da gyaɗa na jigawa ne, shinkafa da albasa kuwa sai fadamun Bunsuru da Gagare. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ya jibge wannan rairayi a nan, kuma yaushe?

Cikin waɗanda suka amsa ta da hujja akwai A. T. Grove, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, wanda aka haifa a 1924, ya rasu a 2023. Zaizayar ƙasa ce ta fara kawo shi Najeriya, ya yi aiki a tsaunukan Jos da Lardin Katsina. Da ma matuƙin jirgin sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu, idonsa ya saba da kallon ƙasa daga bisa. A hotunan da aka ɗauka daga sama ya ga abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani: tudduna dogaye a jere kamar kunyoyin gona, duk sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar iskar hunturu ke nan. A 1958 ya wallafa bincikensa a kan tsohuwar hamadar ƙasar Hausa.

Gwanintar tana cikin yadda ake sa ƙasa ta yi magana. Iska ba ta iya tara rairayi sai inda ciyawa ta kasa kama shi, wato inda ruwan shekara bai wuce kamar milimita 150 ba. Ruwan da ke sauka a Ƙaura Namoda yau ya ninka haka sau da yawa, ashe tuddun da ake nomawa an gina su ne a zamanin da sama ta ƙi zubarwa. Launi ma shaida ne. Rairayin da ya daɗe a kwance yakan yi ja saboda tsatsar ƙarfe da ta lulluɓe ƙwayoyinsa, sabo kuwa fari-fari yake. Idan gulbi ya ratsa tudu ya yanke shi, tudun ya girmi gulbin; idan rairayi ya toshe tsohon kwari, fari ne ya biyo bayan damina.

Da irin wannan karatu Grove da Andrew Warren suka nuna a 1968 cewa Sahara ta taɓa gangarowa kudu da ɗaruruwan kilomita. Wannan ya zo daidai da zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kimanin shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta danne arewacin Turai da Amurka, ruwan teku ya sauka da kusan mita 120. Can sanyi, nan ƙishirwa. Bayan nan ruwa ya dawo, Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai tudun da ya ratsa Bama da Maiduguri. Grove da ɗalibarsa Alayne Street suka tattara shekarun tsofaffin tafkunan Afirka a 1976, aikin da ya rusa tunanin da aka daɗe a kansa cewa zamanin ƙanƙara zamanin ruwa ne a wajenmu.

Wasu sun bi sawu. A 1971 masana biyu 'yan Holan, Sombroek da Zonneveld, suka auna kwarin Rima da Sakkwato, har suka raɗa wa wani rukunin tsofaffin tuddan rairayi sunan Zurmi.

Waɗannan tudduna barci suke yi, kuma saiwa ce bargonsu. Manomin da ya bar gawo a tsakiyar gonarsa, ya ƙyale kara ya kwanta bayan girbi, bai taɓa jin sunan Grove ba, amma shi ne ke hana su farkawa.