Bayani A Kan Lafazin Fitina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Amma bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, lafazin fitina Larabci ne da ya zauna a bakin Hausawa har ya zama ɗan gida. Asalinsa, kamar yadda Ragibul Asfahani ya bayyana cikin Mufradat, shi ne sanya zinariya cikin wuta domin a rarrabe mai kyanta da gurɓatacciyarta. Daga nan aka kira jarrabawa fitina, domin da ita ake sanin mai gaskiya da maƙaryaci. Da wannan ma'ana aka ambaci dukiya da 'ya'ya cikin Suratul Anfal aya ta 28. Kuma malaman tarihi sun kira yaƙin da ya tashi tsakanin Musulmi bayan kashe Sayyidina Usmanu, shekara ta 35 bayan Hijira, da sunan fitina.

Amma mutanenmu, sun sauko da lafazin zuwa ga damuwa da tada hankali. Uwa takan ce ɗanta fitinanne ne, mai barci yakan ce sauro ya fitine shi, wanda ya haɗa maƙwabta faɗa a ce ya tada fitina. Wannan babu laifi, harshe ne da al'adarsa.

Abin da nake zargi shi ne ɗaukar ma'anar kasuwa a kai ta cikin Alƙur'ani. Wani yakan ji Suratul Baƙara aya ta 191, inda aka fifita munin fitina a kan kisa, sai ya zaci ana nufin mai rigima a unguwa, har ya ga jininsa da sauƙi. Wannan ɓata ne. Jalalaini ya fassara ta a wurin da shirka, wasu masu tafsiri kuma suka ce azabtar da muminai ne domin su bar addininsu.

Haka kuma azzalumi yakan kira mai faɗa masa gaskiya mai fitina domin ya rufe masa baki, alhali zaluncinsa ne tushen tashin hankalin.

To, in ka ji lafazin nan, tambayi wane ne ya faɗe shi, kuma a ina. In hayaniya ce ko rikici ko husuma, kira ta da sunanta.

Allah ya tsare mu daga fitinar rayuwa da ta mutuwa. Wallahu a'alam. Tammat.