Agogon Kawu ya ce jininsa lafiya lau

Da hutun babbar sallah na je gida Gaya, sai na tarar da Kawu ya ɗaura wani agogon zamani mai baƙar fuska, irin wanda ake shafawa kamar waya. Ɗansa ne ya sayo masa a birni. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai ya danna, ya ɗan jira, ya miƙo mini hannu: 118/76. "Ka gani ko, ɗan boko? Jinin ya sauka. Yau sati uku ke nan ban sha ƙwayar nan ba."

Kawu ya yi shekaru yana shan maganin hawan jini. Na ce, "Kawu, don Allah a ara mini agogon in gani." Na ɗaura shi a jikin gorar ruwa, na danna. Koren haske ya yi ta ƙyaftawa, can sai ga lamba: 121/79. Ashe gorar ma jininta lafiya lau. Yara suka kwashe da dariya, Kawu dai bai yi ba. Washegari da safe muka je kemis aka gwada shi da na'urar da ake ɗaurawa a damtse. Ta nuna 164/98.

Irin wannan agogo na araha ba sai mun ɓata lokaci a kansa ba. Duk na'urar da ta samo wa gora hawan jini, to lambar a cikinta take ƙirƙira. Kowa na iya yin wannan gwaji a gida. Abin da ya fi cancantar a tattauna shi ne agogon manyan kamfanoni, wanda aka yi bincike a kansa, hukuma ta sa hannu, don shi ne ya sa jama'a suka fara yarda cewa agogo na iya gane hawan jini.

A watan Satumban 2025 kamfanin Apple ya fito da wani tsari a agogonsa da ke aiko wa mai shi gargaɗi idan ya ga alamun hawan jini, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi. Abu na farko da ya kamata a gane, agogon ba ya auna hawan jini, ba ya ma ba da lamba. A bayansa akwai fitila da ke haska fata. Duk bugun da zuciya ta yi, jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyi na ƙaruwa ya ragu, hasken da ke dawowa ma sai ya canza. Agogon na tattara siffar wannan sauyi har kwana 30, ya kwatanta da abin da aka koya masa daga bayanan mutane sama da dubu 100, sannan ya yanke shawarar yin magana ko yin shiru.

Ku tuna da direban da ya daɗe a hanya. Yakan buga taya da hannu ya ce wannan iska ta yi mata yawa, kuma sau da yawa ya dace. Amma idan ana son sanin ainihin yawan iskar, sai an je wurin mai faci ya sa ma'auni. Na'urar damtse ita ce ma'aunin: tana matse hannu har jini ya tsaya, sai ta riƙa saki a hankali tana karanta ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya da shi. Agogo kuwa direba ne mai buga taya.

To, sau nawa direban ke dacewa? Kamfanin da kansa ya gwada tsarin a kan mutane sama da 2,000. Cikin waɗanda ke da hawan jini da gaske, kusan kashi 41 cikin ɗari ne suka samu gargaɗi. Cikin waɗanda ba su da shi, kusan kashi 92 ne agogon ya ƙyale, kamar yadda ya kamata. Ko a cikin waɗanda jininsu ya hau sosai, ɗan abin da ya haura rabi ya kama.

Bari mu kawo lissafin gida. Wannan ƙiyasina ne don a fahimta, ba wani bincike da aka yi a Gaya ba. Mu ɗauki manya 1,000 daga Gaya da Ajingi, mu ce ɗaya cikin uku na da hawan jini, kamar yadda ake ƙiyasta wa Najeriya. Wato mutum 330 na da shi, 670 ba su da shi. Mu raba wa kowa agogo. Cikin 330 ɗin nan, kusan 135 za su samu gargaɗi, 195 agogonsu zai yi tsit. Cikin 670 masu lafiya, kusan 54 za a tayar musu da hankali a banza.

Yanzu dubi abin ta fuskar mai agogon. Idan ya yi maka magana, kana cikin mutum 189, kuma kusan bakwai cikin goma na waɗannan suna da hawan jini da gaske. Wannan abin a yaba ne, ba zan rage masa komai ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma hawan jini bai san wannan magana ba. Mutum na iya shekara goma da shi ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Duk abin da zai tura saurayi ɗan shekara 35 ya je a gwada shi, ya yi aiki.

Amma idan agogon ya yi shiru fa? Kana cikin mutum 811, kuma 195 daga cikinsu na da cutar. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Kafin ka ɗaura agogo, yiwuwar kana da hawan jini ɗaya cikin uku ce. Bayan wata guda kana ɗaure da shi bai ce komai ba, ta koma ɗaya cikin huɗu. Iyakar abin da shirun ya gaya maka ke nan. A nan sukata take. Kamfanin ya rubuta cewa tsarin ba zai kama kowa ba, gaskiya ne ya faɗa. Sai dai wa ke karanta wannan? Mutum ya kashe kuɗi ya sayi abin da aka ce yana lura da jininsa dare da rana, to shirunsa albishir zai ɗauke shi. Kuma waɗanda shirun zai yaudara, a lissafinmu, sun fi waɗanda gargaɗin zai taimaka yawa: 195 da 135.

Sai kuma waɗanda aka cire tun farko. Tsarin ba na wanda bai kai shekara 22 ba ne, ba na mai ciki ba ne, ba kuma na wanda likita ya riga ya ce yana da hawan jini ba. Wato ko da na asalin Kawu ya ɗaura, ba don irinsa aka yi ba. Na masu ciki ya fi damuna, don a yankinmu hawan jini lokacin goyon ciki, da jijjigar da yake haifarwa, na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata. Inda aka fi buƙatar sa ido, nan ne agogon ya ce ba ruwansa.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya. Agogon Samsung na ba da lamba, amma sai an daidaita shi da na'urar damtse duk bayan sati huɗu. Shi ma na Apple, idan ya yi gargaɗi, shawarar da yake bayarwa ita ce ka nemi na'urar damtse ka yi awo na kwana bakwai, ka kai wa likita. Kun ga duk inda aka zaga, damtsen ake dawowa.

Kuɗin fa? Sabon agogon ya fara ne daga dala 399, sama da naira dubu 500, kuma sai da iPhone yake aiki, ga caji kusan kullum. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne. Da kuɗin agogo ɗaya, wanda mutum ɗaya zai ɗaura, za a sayi na'urorin damtse masu kyau da dama, kowace ta ishi gida guda har da maƙwabta.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan gargaɗi, wanda tallar agogo ba ta taɓa shi. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 manyan 'yan Najeriya kusan miliyan 27 da rabi ne ke da hawan jini. Kashi 29 cikin ɗari ne suka sani, kashi 12 ke shan magani, kusan kashi 3 kacal ne jininsu ya daidaita. Ku lura, ko cikin waɗanda suka sani, fiye da rabi ba sa kan magani. Waɗannan ba gargaɗi suka rasa ba. Kuɗin magani ne, nisan asibiti ne, da kuma tunanin nan na cewa idan an ji sauƙi sai a daina. Shi ya sa shirin daƙile hawan jini da aka fara a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun a 2020, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fi burge ni. Ba wani abin ƙyalƙyali a cikinsa: ma'aikacin lafiya ya gwada duk baligin da ya shigo, a fara shi da ƙwayar amlodipine bisa tsari guda mai sauƙi, a rubuta sunansa, a neme shi idan bai dawo ba.

Wanda ke da agogon asali, ya ci gaba da ɗaurawa. Idan ya yi gargaɗi, kada a yi wasa da shi. Idan bai yi ba, a je a yi awo kamar ba a da shi. A zauna a huta minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba surutu, ba goro ko shayi rabin awa kafin nan. Idan awon asibiti ya riƙa kaiwa 140/90 a ranaku daban-daban, magana ta koma wurin likita.

Kawu ya koma kan ƙwayarsa. Mun haɗa kuɗi mun saya masa na'urar damtse, ƙanwata ke gwada shi safe da yamma tana rubutawa a bayan littafin makaranta. Agogon kuwa ya ƙi cirewa. Ya ce yana nuna masa lokacin salla daidai, kuma a wannan ban yi masa musu ba.