Mai Karanta Sawun Ruwa

Duk wanda ya sauka daga titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, ya shiga ƙauyukan ƙasar 'Yankwashi a watan Agusta, ya san inda kwalta ta tsaya. Daga nan sai burji, sai hanyar amalanke. Ƙasar Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce, ruwan da ya sauka a kansu da gudu yake gangarowa, kuma inda ya tarar da yashi cinye shi yake yi. Shi ya sa za ka ga layi biyu a gari ɗaya, an zuba musu marmara rana ɗaya, ɗaya ya kai shekara biyar garau, ɗaya kuwa damina guda ta mai da shi kwari. Ka bincika, za ka tarar wanda ya ɗore akwai hannun gwanin magini a ciki.

Aikinsa tun kafin a ɗauki diga yake farawa. Da an ɗauke ruwa sai ya fita da sanda, yana bin sawun da ruwa ya bari: inda kara da leda suka maƙale, inda yashi ya kwanta, tabon danshi a gindin katanga, inda indararon kowane gida ke zuba. Yakan tambayi tsofaffin unguwa ta inda ruwa ke bi kafin a yi gine-gine, domin ranar babban ruwa tsohuwar hanyarsa zai nema.

Sannan a zo awo, wanda shi ne ya fi burge ni. Kayan aikin duka tiyo ne fari mai nuna abin da ke ciki, da igiya, da turaku. Zai cika tiyon da ruwa, ya karkaɗe shi har kumfar iska ta fita sarai, don ɗigonta ɗaya yana ɓata lissafi. Yaronsa ya riƙe baki ɗaya a jikin turke, shi ya tafi da ɗayan taku goma sha. Ruwan da ke baki biyun a tsayi ɗaya yake tsayawa, ko da ƙasar tudu ce ko kwari. "Ɗaga kaɗan, yaro. Tsaya nan!" Sai a ja layi da gawayi. Daga wannan layin yake rage kamar santimita 1 a kowace mita, ya ɗaure igiya, gangaren lambatu ya fito. In ya gaza haka ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. In ya zarce, ruwa ya yi gudun da zai ƙwaƙule gindin gini. Wato da ruwa yake auna wa ruwa hanya.

Ita hanyar kuma doro yake yi mata. Mai faɗin mita 6, tsakiyarta kan ɗara gefe da kimanin santimita 15, yadda ruwa zai zame dama da hagu. Marmara ba a jibge ta lokaci guda: shimfiɗa-shimfiɗa ake yi, a yayyafa ruwa, a daddaɓe. Zai damƙi ƙasar a tafin hannu. In ta dunƙule ba ta jiƙa masa hannu ba, ta yi.

Kankare kuwa awonsa sananne ne, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa kwana 7. (A nan ne masu son ɓagas ke cin amana, kuma damina ce ke tona su.) Bakin kwalbati yakan jera masa dutse, gefen hanya ya dasa jema ko gamba su riƙe ƙasa.

Masu unguwanni da dagatai, in za a kira aikin gayya bana, a fara nemo irin wannan magini tun ruwa na sauka, a bar shi ya zaga unguwa da sandarsa. Kuɗin tifar marmara a riƙe shi sai ya kafa turakunsa.