Ranar Da Alƙalami Ya Kwana A Aljihu: Tsokaci A Kan Hutun Marubuci

Manazarta adabi sun saba bin marubuci zuwa teburinsa, amma ba kasafai suke tambayar inda ya yini ba ranar da bai rubuta ko harafi ɗaya ba. A ganinmu, wannan rana tana barin sawu a cikin littafi fiye da yadda ake zato.

Mu ɗauki Alhaji Abubakar Imam. Yana malami a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933, lokacin da rubutu aikin gefe ne a wurinsa, yininsa kuwa na aji ne da na jama'a. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya wurin Dokta East, ya tsara Magana Jari Ce. Sanin kowa ne an aro yawancin labaran daga littattafan Larabawa da na Turawa, amma ba'ar fadawa da gatsen 'yan kasuwa da ke ciki ba a takarda ya tsince su ba. Daga 1939 da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, rubutu ya koma aikinsa na yau da gobe, kuma abin lura shi ne bai sake ba mu ƙagaggen labari mai nauyin waɗancan biyu ba. Ba mu ɗora wa jarida laifin ita kaɗai ba, domin siyasa ma ta ci rabonta. Sai dai ko Tafiya Mabuɗin Ilmi, ai barin ofis da ya yi zuwa Ingila a 1943 ne ya haife shi.

Marubutan Kano na shekarun 1990, da yake mafi yawansu su ke buga littattafansu da kansu, ranar hutunsu takan ƙare ne tsakanin maɗaba'a da bin bashi a shagunan masu sayar da littattafai. Wahala ce, amma cikin mutane ake yin ta.

To, ina marubucin da ke zaune a Karewa? Unguwa ce mai katanga da ƙofa a kulle, wadda shirunta ya dace da rubutu. Matsalar ita ce, in ya ajiye alƙalami sai ya ɗauki waya, ya karanta abin da 'yan'uwansa suka rubuta. Shi ya sa labarai da dama da ɗalibanmu ke kawo mana suke faruwa a wata Kano da marubutansu ba su taɓa kwana a cikinta ba, taurarin kuma suna magana da bakin fim. Alhali tashar Jambutu da kasuwar Jimeta da masuntan Geriyo ba su da nisa. A can ake jin Hausar da ta sha Fillanci, wadda sau da yawa ba ta damu da bambanta "ya" da "ta" ba, kuma da ita ake ciniki da neman aure da rantsuwa. Da wuya mu ci karo da ita a bakin wani tauraro, sai fa in ana son a yi masa dariya.