Wasanni dubbai a tafin hannu: nazari kan Raspberry Pi da taskar tsoffin wasannin bidiyo

A lokacin babban hutun da ya gabata, wani tsohon ɗalibina da ke karatun fasahar lantarki ya kawo mini ziyara, riƙe da wani ɗan akwati wanda girmansa bai wuce na sabulun wanka ba. Ya jona shi da talabijin, ya miƙo mini manet, sai ga Sonic, ɗan bushiyar nan mai launin shuɗi, yana sheƙa gudu kamar yadda na bar shi shekaru talatin da suka wuce a wani shago na bakin kasuwar garinmu, inda muke biyan dala biyar mu yi zagaye guda, sauran yara na tsaye a bayanmu suna addu'ar mu faɗi su karɓa. Ya ce da ni katin ajiyar da ke jikin akwatin yana ɗauke da wasanni fiye da dubu biyar, sa'annan ya bar mini shi wata guda. Da yake sana'ata ita ce auna littafi, sai na ga ya dace in auna wannan abu da mudun da na saba, wato in ɗauke shi a matsayin kundin da aka tara ayyukan mutane a ciki, in tambayi abin da ya adana, da abin da ya ɓatar, da kuma irin mai karatun da yake tarbiyya.

Abin da ke cikin akwatin kwamfuta ce sukutum a kan ɗan allo guda mai tsawon milimita 85 da faɗin 56, sunanta Raspberry Pi. An fara sayar da ita ranar 29 ga Fabrairu 2012 a kan dalar Amurka 35. Eben Upton da abokan aikinsa na birnin Kambirij a Ingila, waɗanda suka ƙirƙiro ta, sun lura cewa masu neman karatun kimiyyar kwamfuta a jami'arsu suna raguwa, waɗanda suka zo ɗin ma ba su kai na gabansu iyawa ba. Na gabansu sun tashi da na'urori irin su BBC Micro ta 1981, wadda da zarar an kunna ta sai ta tsaya tana jiran a rubuta mata umarni, don haka dole yaro ya koyi harshenta. Manufarsu ita ce a samar da na'ura mai arha wadda yaro zai taɓa, ya gwada, in ma ya lalata ta ba za a yi zaman makoki ba.

A shekarar da ta fito ɗin nan wani Bajamushe mai suna Florian Müller ya fara haɗa tsarin RetroPie, daga baya Recalbox ya biyo daga Faransa. Dukansu tarin makwaikwaya ne, wato shirye-shiryen da ke sa sabuwar na'ura ta yi shigar tsohuwa, har wasan da aka rubuta domin Nintendo ko Sega ya zaci a gidansu yake. Aikin bai fi ƙarfin Raspberry Pi ba, domin ko ta farko tana da megabait 256 na ƙwaƙwalwar aiki, alhali Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, kilobait 2 kacal gare ta.

Yabon da ya wajaba a fara yi wa wannan kundi shi ne na adanawa. Kaset yana lalacewa, na'urar da ke karanta shi tana mutuwa, kamfani yakan rufe ko ya daina sayar da abin da ba ya kawo riba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Da littattafai aka faɗa wa wannan adadi, da kowane malami ya ɗora hannu a ka. Manyan cibiyoyi sun yi nasu ƙoƙari: ɗakin karatu na ƙasar Faransa yana karɓar wasannin bidiyo a ƙarƙashin dokar ajiya ta 1992, gidan tarihin fasahar zamani na New York kuma ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa a 2012, ciki har da Pac-Man da Tetris. Amma mafi yawan aikin ƴan sa-kai ne suka yi shi, irin su Nicola Salmoria ɗan Italiya da ya fara shirin MAME a 1997 domin kada wasannin akwatunan jefa kuɗi su bi na'urorinsu kabari.

Mai karatu zai iya cewa: wasan yara ne, mene ne abin adanawa? Amsata ita ce a dubi Super Mario Bros. na 1985, aikin Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, da kiɗan Koji Kondo. Wasan gaba ɗaya kilobait 40 ne, bai kai nauyin hoto guda na wayar salula ba. Ƙuncin wuri ya sa girgije da ɗan kurmin ciyawa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Matakin farko kuwa darasi ne da babu kalma ko ɗaya a cikinsa: an ajiye ɗan wasa a gefen hagu, fili buɗe a damansa, ya gane inda za shi, abokin gaba guda ya taho a hankali, ya koyi tsalle, lemar kwaɗon da ke ƙara masa girma ta bugi bututu ta dawo kansa, ya ci ta ko bai yi niyya ba, ya gane alheri ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji mai ɗalibai tamanin ya san darajar irin wannan tsari. Wanda kuma ya koyar da rubutacciyar waƙa ya san cewa takurar kari da amsa-amo ita ce ke fito da gwanintar mawaƙi. A nan ma haka abin yake.

To amma kundi ba ya zama kundi sai da zaɓe, kuma nan ne aibinsa na farko. Katin da aka bar mini ya jera wasa ɗaya sau uku ko huɗu, na Japan da na Amurka da na Turai, gwanaye da tarkace a layi ɗaya bisa jerin haruffa. Tsarin yana iya ɗebo hoton kwali da ɗan bayani daga intanet, amma babu mai ce maka fara da wannan, ga dalili. Na zuba ido ga ƴaƴana: sun fi ɓata lokaci wajen zagaya jerin sunaye fiye da yin wasan, kuma da wuya su yi minti uku a kan guda kafin su sauya. Mu da muka yi watanni a kan kaset ɗaya mun san kowane lungu nasa kamar yadda almajiri ya san allonsa. Bugu da ƙari, makwaikwayi yana ba ka damar ajiye wasa a duk inda ka so, har ka mayar da lokaci baya in ka yi kuskure. Ga magidanci mai ƙarancin lokaci wannan rahama ce, amma waɗannan wasanni an gina su ne a kan rai uku da fargabar rasa su. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda aka miƙa wa zomon a dafe bai san abin da aka yi a daji ba.

Aibi na biyu ya shafi amincin matani. An zana waɗannan hotuna ne domin tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ke narkar da ɗigo cikin ɗigo. Ruwan da ke zubowa daga dutse a wasan Sonic na 1991 layuka ne tsaye da aka jera, tsohuwar talabijin ta gauraya su suka zama ruwa mai haske. A kan shafaffiyar talabijin ta yau sai ka ga layukan tsirara. Bindigar wasan Duck Hunt ba ta aiki sam da sabuwar fuska. Sau da yawa akwai ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto, wanda ya isa ya jefa gwani rami. Hatta saurin wasa ba ɗaya ba ne, domin yawancin waɗanda aka sayar a Turai sun fi na Japan da Amurka nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida, saboda bambancin tsarin talabijin. Masu aikin naɗar adabin baka, irin na cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968, sun daɗe da sanin wannan ciwo: kana iya kama kalmomin tatsuniya, amma dare da dandali da yaran da ke amsawa ba su shiga faifai. Shagon bakin kasuwa, da layi, da ihun ƴan kallo, ba su cikin katin.

Na uku shi ne batun haƙƙi, wanda bai kamata mu kauda kai daga gare shi ba. RetroPie ba ya zuwa da wasannin kamfanoni, kuma wata kotun Amurka ta yanke a 2000, a shari'ar Sony da Connectix, cewa ƙera makwaikwayi bai saɓa wa doka ba. Wasannin kansu kuwa suna da masu su. A 2018 Nintendo ya kai ƙarar masu shafin LoveROMs, aka ƙare a kan diyyar fiye da dalar Amurka miliyan 12. Shi kansa kamfanin ya sayar da ƴar na'urarsa mai wasanni 30 a 2016, wadda cikinta ƙaramar kwamfuta ce da makwaikwayi. Mu da muke kuka da masu kwafar littattafai da kaset ɗin mawaƙanmu ba mu da bakin cewa satar fasaha ta halatta don mai abin yana Kiyoto. Sai dai kuma mai haƙƙin da ya ƙi sayarwa, ya kuma hana adanawa, yana da tambayar da zai amsa. Cikakken kati mai wasanni dubu biyar dai, a faɗi gaskiya, kayan kwafe ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ɗalibin nawa ya dawo karɓar kayansa. Na tambaye shi wasan da ya fi so, ya yi dariya ya ce ai shi bai cika yi ba. Daɗinsa yana wajen haɗawa: yadda ya jona maɓallai da ƴan ƙusoshi 40 da ke gefen allon, yadda ya yi kwana uku yana neman dalilin da sauti ya ƙi fita har ya gano layi guda a cikin fayil, yadda zafin watan Afrilu ya tilasta masa sa ƴar fanka. Shi ne ya ci moriyar da mutanen Kambirij suka nufa, ni da ƴaƴana kuwa ƴan kallo ne aka miƙa wa manet.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyoyin al'adu da kulob-kulob na makarantu da ke tunanin sayen wannan na'ura ita ce su saye ta da kati fanko. Volt 5 take ci, batirin cajin waya mai kyau ko ƙaramin faifan hasken rana yana iya riƙe ta. Tsarin aikinta na asali yana ba da damar koyon Scratch da Python kyauta. A bar ɗalibai su haɗa ta da hannunsu. A zaɓi wasanni kaɗan da aka mallaka ta halal, a nazarce su kamar yadda ake nazarin gajeren labari: me aka koya maka a minti na farko, kuma ta yaya? Daga nan a ce su rubuta nasu. Dara tana nan da ƙa'idojinta tsaf, ramuka 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, kuma yaron da ya iya bayyana wa kwamfuta abin da ake nufi da jera uku ya koyi lissafi da tsara magana a zama ɗaya. Allah ya sa mu ga ranar da ɗalibi zai kawo wa malaminsa akwati, ya kunna, ya ce wannan ni na rubuta shi.