Tarke a kan Ɗafa-goshin Wakilin Suna a Nahawun Wendat na Potier

Harshen Wendat, wanda Faransawa suka kira Huron, ɗaya ne daga cikin harsunan dangin Irokwa na Arewacin Amurka. Masu jin sa tun daga nono sun ƙare, amma jikokinsu da ke Wendake, kusa da birnin Kebek a Kanada, suna farfaɗo da shi daga rubuce-rubucen limaman Katolika. Daga cikinsu akwai nahawun da Pierre Potier ya rubuta da Latin a 1745, bisa aikin magabatansa. Ke nan duk gurbin da wannan nahawu ya bari, mai koyo na yau ne zai faɗa cikinsa.

A Wendat, aikatau ba ya tsayawa sai da ɗafa-goshin wakilin suna. Shi ke nuna mutum da jinsi da adadi: tilo, biyu, ko jam'i. Yana kuma bambanta "mu" da ta haɗa da mai saurare da wadda ta ware shi, bambancin da Hausa ba ta yi. Haka nan ɗafa-goshi guda yakan ɗauki mai yi da wanda aka yi wa, kamar "ni" da "kai" a dunƙule.

Abin yabo ga Potier shi ne ya kasa aikatau gida biyar bisa sautin farko na saiwa, domin sautin ne ke sauya siffar ɗafa-goshi. Ya kuma ware jeri biyu, misali ha- da ho-, duka da ma'anar "shi".

Rauninsa yana wajen bayani. An laƙaba wa jerin biyu sunaye da haruffa kawai, an zuba su cikin tsarin Latin, ba a fito da dalilinsu sarai ba. Nazarin zamani, kamar kundin Megan Lukaniec na 2018, ya nuna ha- na mai aikata abu ne, ho- kuwa na wanda abu ya sama ko yake cikin wani hali. Wanda ya kira su duka "aikau" zai haddace jadawali, amma ba zai san lokacin zaɓar kowanne ba.

Don haka ya kamata ɗalibi ya riƙi misalan Potier da daraja, ya binciki rabe-rabensa. Irin wannan tambaya ta dace da tsofaffin littattafan nahawun Hausa da Turawa suka rubuta: rukunan da ke ciki na Hausa ne, ko na harshen marubucin?