Sarƙar Hajiya Ta Ɓata

Mu a Gombe, lu'ulu'u a jikin lambar mota muka san shi, inda ake rubuta kirarin jihar da Turanci tun bayan da aka cire ta daga Bauchi a 1996. Abin da ke ɓata a ɗakunan matanmu, da kuma cikin littattafan soyayyar da suke karantawa a waya daga Jekadafari har Pantami, gwal ne: sarƙa da 'yan kunne, awarwaro, zobe.

Duk mai bin waɗannan littattafai ya san yadda ake yi. Ana tsakiyar hidimar biki, Hajiya ta buɗe durowa ta ga wayam. A rufe ƙofa, a zazzage jakunkuna, sai ga sarƙa a ƙullin kayan marainiyar da ake riƙo, wadda ɗan masu gida ya mutu a kanta. Mai karatu kuwa tun shafi biyar baya ya ga hannun da ya cusa ta. Ke nan ba neman ɓarawo ke hana shi barci ba. Tambayarsa guda ce: saurayin zai yarda da sharrin ko zai tsaya mata?

A nan muka raba hanya da Turawa. A 1868 Wilkie Collins ya fitar da The Moonstone a Ingila. Can ma 'yar aiki aka fara zargi, kuma saurayin ne ya ɗauke lu'ulu'un da ya ɓata cikin magagin magani, budurwar ta gan shi ta rufa masa asiri. Amma Collins ya ɓoye wa mai karatu gaskiya, ya sa shi bin sawu tare da ɗan sanda. Marubuciyarmu ba ruwanta da ɗan sanda. In ma ya shigo, marin yarinya ya zo yi. Masu warware ƙulli su ne rantsuwa da Alƙur'ani, ko ciwon ajali da zai sa makira ta tona kanta, ko wata tsohuwar mai wanke-wanke da ta gaji da yin shiru.

Ba wai Hausa ta rasa labarin ta'asa ba ne. Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, Sulaiman Ibrahim Katsina ya bi 'yan fasa-ƙwauri a Turmin Danya, daga baya su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih suka riƙe fagen. Sai dai maza bindiga suka ɗauka suka fita titi, mata kuma, tun zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, cikin gida suka zauna, kuma ni a ganina sun fi sanin inda dukiya take. Gwal shi ne bankin mace. Da shi ake auna mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinare. Shi ake leƙawa a akwatin lefe kafin a ƙirga atamfa, shi ake tsaraba daga Makka da Dubai, shi kuma za ta kai kasuwa ranar da aure ya mutu ko jarin miji ya karye. Wanda ya sace wa mace sarƙa, madogararta ya cire. Wadda aka ɗora wa satar kuma, aurenta aka kashe tun ba a ɗaura ba, don ba uwar da za ta so a ce surukarta tana da ɗan hali.

Ƙorafina da marubutan shi ne ragwanci. Sarƙa na fita daga gida sai su sake ta. Alhali labarin na can: mai shagon da zai ɗora ta a sikeli ya faɗi giram, ya tambayi rasit, ya kalli idon mai sayarwa ya karya farashi, da maƙerin da zai narkar da ita cikin dare ɗaya ta koma zoben wata amarya. Garin da ya sha fama da 'yan daban kalare bai rasa wanda za a aika da irin wannan saƙo ba. Har yanzu ina jiran littafin da budurwar da aka yi wa ƙazafi za ta share hawaye, ta zura hijabi, ta bi layin masu gwal shago-shago tana tambaya.